Jajayen Dogaran Marka

Ku gyara zama, jama'a. Wanda ya zo neman dariya ya yi haƙuri da ni, yau ban zo da ita ba.

A zamanin da, a wata ƙasa mai fadama da rijiyoyi, an yi wani sarki ana kiransa Nomau. Ba azzalumi ba ne, kada ku ɗora masa abin da bai yi ba. Mutum ne mai kunya, mai jin ƙan talakawansa, sai dai ya gaji wata al'ada daga kakanninsa wadda ta fi ƙarfinsa. A fadar nan maganar sarki ba ta komawa baya. Ba waziri, ba alƙali, ba liman da ya isa ya buɗe baki ya ce sarki ya yi kuskure. Wanda ya gwada, a ranar za a warware masa rawani, dokar kuma ta ƙara tsauri don kada a ce an tanƙwara sarki. Hanya ɗaya ce tak, sarki ya gani da idonsa, ya sauya da bakinsa.

Akwai wata al'adar kuma, wannan mai daɗi ce. Duk ɗan da aka haifa a gidan sarauta, akan binne cibiyarsa a lambun bayan fada, a dasa itace a kanta. Sarki Nomau 'ya ɗaya Allah ya ba shi. An haife ta ana tsakiyar ruwa, aka yi mata laƙabi da Marka, uwarta kuwa ba ta ga ranar suna ba. Wata dattijuwa mai suna Yalwa ita ta goye ta. A kan cibiyar Marka aka dasa lemun tsami.

Yarinya ta tashi, lemu ya tashi. Da ta fara wayo ba ta da wurin wasa sai gindinsa. Akwai wasu 'yan ƙwari da ke yawo a jikin ganyen, girmansu bai wuce rabin ƙwayar wake ba, bayansu ja wur da ɗigo-ɗigon baƙi. Marka takan ɗora su a tafin hannu su yi ta kewaya yatsunta. Wata safiya sarki ya shigo lambu ya same ta a haka, ya ce, "Me kike yi da ƙwaro, uwata?"

Ta ce, "Baba, ba ƙwaro ba ne, dogaraina ne. Ba ka ga jar rigarsu ba? Su ke gadin itacena."

Sarki ya yi dariya har rawaninsa na rawa, fadawa suka taya shi, ya shafa kanta ya wuce.

Shekarar da ta fara famfara, ƙyanda ta shigo gari. Ba ta tambayi gidan wa ta shiga ba. Aka yi magani, aka yi addu'a, aka yi sadaka, wa'adin Marka ya riga ya cika. Ba zan tsaya in kwatanta muku yadda sarki ya zama ba, duk wanda ya taɓa sa ɗansa a rami ya sani. Abin da ya rage masa a duniya na Marka shi ne lemun nan. Kullum in ya idar da sallar asuba sai ya shiga lambu shi kaɗai, ya zauna a gindinsa har rana ta ɗaga, sa'an nan ya fita zaman fada.

Da damina ta ɗauke, sai ganyen lemu ya fara nannaɗewa. Aka taɓa aka ji danƙo, bayan 'yan kwanaki danƙon ya yi baƙi kamar gindin tukunya, tururuwa na hawa da sauka. Sarki ya sa aka kira Sarkin Lambu, shugaban masu ban ruwa. Ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya juya ganye ya duba, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, darɓa ce. Wasu mitsi-mitsin ƙwari ne kore-kore, ba su kai ƙwayar gero ba, suna manne a cikin ganye suna tsotsar ruwansa. Takan zo wa wake da dawa. In an bar ta takan wuce da kanta, ban san abin da ke kore ta ba."

Sarki ya sunkuya ya duba. Idon dattijo ne, kuma idon da kuka ya cinye, bai ga wasu kore-kore ba. Abin da ya gani shi ne jajayen nan, sun yi cincirindo daidai inda ganye ya fi lalacewa. Ya ɗaga wani reshe, ga su. Ya ɗaga wani, ga su. Reshen da ke da lafiya kuwa babu ko ɗaya. Ya fusata, ya ce, "Ga ɓarayin nan a fili kana gaya mini abin da ido ba ya gani? Marka ta ɗauke su a hannunta, ta so su, ƙasa ba ta gama bushewa a kanta ba sun faɗa wa itacenta. Daga yau duk ƙwaron da aka gani a lambun nan a kashe shi, haka kowane lambu na ƙasata. Wanda ya ɓoye ko ɗaya, ya bar mini ƙasa."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiyarka, Zaki." Su dai ai ko cewa ya yi rana daga yamma take fitowa, abin da za su ce ke nan. Sarkin Lambu ya sunkuyar da kai. Waziri, wani dogon tsoho mai yatsa shida da ake kira Cindo, yana tsaye a gefe, shi ma a ranar bai san gaskiyar al'amarin ba. Kafin azahar an yi shela a kasuwa.

To, ku duba yadda aikin ya kasance. An ce a kashe ƙwaro, hannu kuwa abin da yake iya tsinta shi yake tsinta. Aka tsince jajayen tas. Aka bi 'ya'yansu, wasu baƙaƙen tsutsotsi masu ƙafa da ɗigon ruwan goro, aka murƙushe. Aka ɗaga duwatsu aka kashe manyan baƙaƙen ƙwarin nan masu gudu, waɗanda ke farautar tsutsa a ƙasa. Aka kashe ƙoƙiƙoƙi, aka farfasa gidajen zanzaro. Darɓa kuwa wa zai tsince ta? Ana shafa mata toka a bisa, ita tana can cikin naɗin ganye. Wani falke ya zo da shawarar a turara hayaƙin taba da barkono a gindin itacen. Aka turara. Duk mai fiffike da ya yi saura ya gudu, ƙananan rassa suka ƙone, darɓa ta kwana lafiya.

Malamai suka yi ta addu'a, Allah ya saka musu, sun yi iyakar nasu. Amma lemu sai baya yake yi. A fadama ma haka, wake ya nannaɗe, kuɓewa ta ƙi 'ya'ya, tsutsa ta cinye kabewa, masu lambu suna kuka a ɓoye. Sarki da ya ga haka sai ya ce lalle akwai inda ɓarayin ke ɓuya, a ƙara bincike.

Binciken nan ne ya kai dogarai ɗakin Yalwa. A bayan randa suka sami wata gora an huhhuda ta da tsinke, an toshe bakinta da tsumma. Suka buɗe, sai ga jajayen ƙwari suna yawo a ciki. Kunya ta kama su, don ba wanda bai san ita ta goyi Marka ba, amma doka doka ce. Aka tsare ta a soron ƙofa, aka ce ranar zaman fada za a yanke mata hukunci.

Waziri Cindo ya je ya same ta da hantsi, tana zaune a tabarma ta rungume gorar, ta hana kowa ya karɓa. Ya zauna a dokin ƙofa ya ce, "Inna, me ya kai ki? Da tsufanki, wace ƙasa za ki je?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban iya ba ne. Na ga ana murƙushe su da ƙafa, sai in ga kamar yatsunta ake takawa. Ni ba ni da itace. Su ke nan abin da ta bar mini."

Waziri ya dubi gorar. Can, don dai ya sami abin faɗa, ya ce, "To, me kike ba su suna ci har suka kawo yanzu?"

Ta ce, "Ai sun wahalshe ni. Na ba su tsaki, sun ƙi. Na ba su zuma, sun ɗan lasa. Na tsinko musu ɗanyen ganye mai kyau, ko kallonsa ba su yi ba, har suka fara mutuwa. Ran nan ban sami mai kyau ba, sai na jefa musu ganyen waken bayan ɗakina, wanda darɓa ta ɓata. Shi suka so. In na sa da safe, kafin la'asar sun wanke shi fes, ganyen kuma ko huda babu. Ƙazamai ne, ranka ya daɗe, amma nata ne."

Ita ba ta ɗauki maganar a bakin komai ba. Waziri kuwa nan take ya miƙe. Ya sa aka tsinko masa ganye mai darɓa, ya ɗora ja ɗaya a kai, ya kawo kusa da idonsa ya zuba masa ido. Bai daɗe ba ya ga abin da ya gani. Ya ajiye ganyen a hankali ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun kashe masu gadi."

Ya wuce lambu ya dubi lemu. Duk ya yi baƙi ya zube, sai reshe ɗaya ta gabas da ke da sauran kore. Ya tsaya yana auna abin. In ya shiga ya ce wa sarki an yi kuskure, rawaninsa ya tafi, wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi, dokar za ta ƙara tsauri, a kori Yalwa, a ƙone gorar. In ya saki ƙwarin a ɓoye a jikin reshen, masu ban ruwa na nan tsaye safe da yamma, za su tsince su, in sun ƙi kuma su ne a bakin ƙofar gari. Dole sarki ya gani da idonsa, a gaban jama'a, ta hanyar da ba za a ce an gyara masa magana ba.

Ranar zaman fada aka kawo Yalwa da gorarta. Sarki bai iya dubanta ba. Kafin ya yi magana waziri ya gurfana ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, wata mas'ala ta shige mini duhu, ina neman haske. An fasa rumfa a kasuwa. Gari ya waye aka tarar da mutum tsaye a bakin rumfar, riƙe da sanda. Aka fasa wata, aka sake tarar da shi. Mene ne hukuncinsa?"

Sarki ya ce, "Sai an bincika. Tsayuwa a wurin ɓarna ba ita ce ɓarna ba."

Waziri ya ce, "Allah ya ƙara wa sarki basira. To, tsohuwar nan laifinta ɓoye ɓarayi. Ni na san sarki ba ya faɗin abin da ba haka ba. Amma alƙali ya ce mini a shari'a ba a hukunta mai ɓoye ɓarawo sai an tabbatar da satar a gaban shaidu. Ina roƙo a ba ni dama in tabbatar da ita, kowa ya gani, kada gobe wani ya ce an kori mai goyon Marka a kan zato."

Alƙali ya gyaɗa kai, don gaskiya ne ya faɗa. Sarki ya ce, "Ta yaya?"

Waziri ya sa aka shigo da tukwane biyu, kowace da shukar wake da darɓa ta kama, cutar daidai wa daida. Ya ce, "A zuba rabin ƙwarin gorar nan a tukunya ɗaya, ɗayar a bar ta haka. A lulluɓe kowace da farin mayafi marar kauri, a ɗaure, a ajiye a gidan alƙali ana ba su ruwa ta gindi. In su ne ɓarayin, tukunyarsu za ta riga mutuwa, kowa ya huta."

Sarki ya yarda. Sai Yalwa ta matso da gwiwa, ta manta da inda take, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni a kore ni, na yarda. Amma sauran da ke gorar nan a bar ni in kai su jikin lemun yau. An ce reshe ɗaya ya rage. Ba zai jira shari'a ba."

Sarki ya dube ta a karo na farko. Wallahi na yi imani da su biyu ne kaɗai a ɗaki da ya ce mata je ki. Amma ga hakimai, ga fadawa, ga baƙi, ga maganar da ya riga ya furta. Ya kawar da kai ya ce, "Ba a ba wanda ake tuhuma amanar dukiya. A jira hukunci."

Aka jira. Wake ba ya toho don ana sauri. Kowace safiya waziri sai ya biya gidan alƙali ya leƙa ta cikin mayafi, daga nan ya wuce lambu ya ɗaga kai ya dubi reshen gabas. A can abu na gyaruwa, a nan yana lalacewa. Ya so a buɗe da wuri, ya ji tsoron in bambancin bai fito sarai ba fadawa za su ce ba su ga komai ba, a yi asarar duka. Ya ƙara kwana, ya sake ƙarawa. Tsohon nan ya rame a 'yan kwanakin nan har rawani ya yi masa yawa.

Da ya tabbata ko makaho ya shafa zai bambance, ya sa aka kawo tukwanen zuwa fada. Alƙali ya kwance ta farko, wadda ba a sa mata ƙwari ba. Waken ya yi baƙi, ya langaɓe a bakin tukunya, danƙo na ɗiga. Ya kwance ta biyu. Tsofaffin ganyen sun wanku, ga sabon toho kore shar, jajayen suna sintiri a jikinsa.

Waziri ya matso. Ya tsinki ganye daga matacciyar tukunyar, ya ɗora ja ɗaya a kai, ya miƙa wa sarki da hannu biyu. Sarki ya kawo kusa da fuskarsa, ya juya wajen haske. Ya ga ƙwaron ya nufi ɗan koren abin nan da ya ce ido ba ya gani, ya kama shi, ya cinye, ya wuce kan na gaba. Ya daɗe yana kallo. Wani bafade ya buɗe baki zai yi kirari, na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

Sarki ya miƙe ba tare da an ce hattara ba, ya bar takalmansa a nan. Ya ce, "Yalwa, ɗauko gorar." Ya nufi lambu da sauri irin wanda ba a taɓa ganin sarki ya yi ba, jama'a na biye.

Sarkin Lambu na durƙushe a gindin itacen, hannunsa cike da busassun ganye. Reshen gabas ne, ya zube da safiyar nan. Sarki ya sa farce ya kankare ɓawon reshen, ya kankare na gindin, ko'ina busasshe. Duk da haka ya ce, "Sake su."

Yalwa ta cire tsumman, ta kifa bakin gorar a jikin itacen. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka hau. Suka bi wannan reshe har ƙarshe, suka dawo, suka bi wancan. Babu ganye, babu abin tsaro. Na farko ya kai ƙolin reshen gabas ya tsaya, ya buɗe jan bayansa, ya fitar da fiffike ya tashi. Sauran suka bi shi, suka haye katanga suka yi wajen fadama. Sarki na tsaye ba takalmi yana binsu da kallo har suka ɓace.

Sa'an nan ya juyo, ya yi abin da ba wani sarki a gidan da ya taɓa yi. Ya ce, "Ku saurara, kowa ya ji. Ni Nomau na yi kuskure. Ba darɓa ce ta kashe itacen nan ba, bakina ne. Yalwa ba ta da laifi, ta koma ɗakinta, kuma muddin ina raye abincinta daga akushina zai fito. A yi shela, jajayen nan da 'ya'yansu, da baƙaƙen ƙarƙashin dutse, da ƙoƙiƙoƙi, da zanzaro, kada wanda ya sake taɓa su. Waziri."

Waziri ya gurfana ya ce, "Na yi jinkiri, Allah ya ba ka nasara."

Sarki ya ce, "Ba kai ka yi ba, al'adar gidanmu ce ta sa ka zagaye, ta sa na ce wa tsohuwar nan a jira. Daga yau na kashe al'adar. Wanda ya ga na kauce ya faɗa mini a ranar, rawaninsa na kansa."

Haka aka yi. Kafin damina ta kewayo fadama ta farfaɗo, wake ya yi, kuɓewa ta yi, masu lambu suka koya wa 'ya'yansu su juya ganye su duba kafin su kashe ƙwaro. Ƙasa ta zauna lafiya, sarki ya yi shekaru yana mulki da adalci, ana faɗa masa gaskiya yana ji. Lemun dai bai sake toho ba. Sarkin Lambu ya nemi izinin ya sare shi ya dasa wani, sarki ya ce a bar shi.

Bai daina zuwa gindinsa da safe ba, sai dai yanzu Yalwa kan zo ta zauna can gefe da carbinta. Wata safiya wani ja ya taso daga fadama ya sauka a hannun rigar sarki. Ya miƙa masa yatsa ya hau, ya yi ta kewaya tafinsa. Sarki ya ce, "Yalwa, kina nan ranar da ta gaya mini ko su wane ne?"

Ta ce, "Ina nan, Allah ya ba ka nasara."

Ya ce, "Me na ce mata?"

Yalwa ta sunkuyar da kai, ta ja carbi ɗaya. Ta ce, "Ba ka ce komai ba. Dariya ka yi."

Nan na tsaya. Allah ya jiƙan namu da suka riga mu, ya ba mu kunnen jin su tun suna kusa.